Mai Taya Hawa'u Kishi

Rana ta faɗi a Badagishiri, hayaƙin kara ya kwanta kan rumbuna, yara na ta kai tuwo gida-gida yadda aka saba. Hawa'u ta shiga gidan su Sa'a da nata akushin, sai ga dutse ya faɗo tsakar gida. Aka leƙa bayan darni, ba kowa. Na biyu ya fasa randa.

Hawa'u da Sa'a tare aka yaye su, uwar wannan kan goya waccan. Garin kuwa ƙarami ne, ko tari ka yi a bayan katanga an san ɗan wane ne. Ana nan sai aka turo wani jandarma, jami'in tsaro, da 'yarsa Aisata, mai takalmi ƙwas-ƙwas da Faransanci a baki. Kafin Sallah Sa'a ta aika mata goro da lalle, suka ƙulla ƙawance a gaban unguwa. Hawa'u har guɗa ta yi, amma kishi ya ci ta ƙwarai. Kullum da almuru in ta je ɗaure awaki, sai ta tsaya bayan tsohon rumbun da aka daina zuba wa hatsi, ta zazzage abin da ke ranta. A ganinta awaki kaɗai ke saurare.

Jifa kuwa bai tsaya ba a gidan su Sa'a. Daga baya Sa'a ta faɗi, ta daina ci, ta daina magana, sai kallon bango. Mahaifinta Hamani ya hau babur ya ɗauko Malam Labbo daga Tsarnawa.

Bayan magariba gidan ya cika, har da Hawa'u da Aisata. Malam ya kama babban yatsan yarinyar, ya yi ta karatu har jikinta ya sandare.

"Kai wane ne? Mi ɗiyar ga ta yi maka?"

Murya mai kauri ta fito daga bakin Sa'a. "Ni ba ta yi mini komi ba. Wata ni ka ji tana kuka ƙohwar gidana, na tausaya mata."

"Wace?"

Sai muryar ta sirance, ta koma ta yarinya. "Allah shi sa ta rasa bakin yi ma baƙuwar ga dariya. Ni da munka tashi tare, ta yada ni kamar tsumma."

Ba wanda ya tambaya. Mata suka juya gaba ɗaya suna kallon Hawa'u, har uwar da ta haife ta.

Malam ya ce, "Hita, don girman Wanda ya halicce ka."

"Sai in mai kukan ta ce ta haƙura. In ta yi shiru, ina nan."

Hawa'u ta auna abin a ranta. In ta yi shiru tana iya cewa ƙaryar aljani ce, amma Sa'a za ta ƙare a kan tabarmar nan. Hawa'u ta matso.

"Ni ce. Na haƙura. Tahi, ka bar min ita."

Sa'a ta yi atishawa, jikinta ya saki. Aka yi hamdala. Hawa'u ta ɗebo ruwa da sauri, ta durƙusa ta miƙa mata.

Sa'a ta daɗe tana kallon moɗar. Ashe duk abin da ya fito daga bakinta ta ji.

A hankali ta ce, "Inna, bari Aisata ta ba ni."