Mai Bin Dusar Ƙanƙara

Ana yayyafi a Temuco ranar da Rayén ta shiga shagon hayar kayan zamiya a kan ƙanƙara. Hutun Yuli, tsakiyar lokacin sanyi a ƙasarsu, ya gabato, ta kasa zaɓar dutsen da za ta kai mahaifiyarta.

Saurayin da ke goge takalman zamiya a shagon ya ɗago. Rana ta ƙona masa fuska, sai zagayen idanu da tabarau ya bari fari.

"Wa zai yi zamiyar, ke?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba kowa. Mamata ce ta daina fita tun da babanmu ya tafi aikin ma'adinai a arewa bai dawo ba."

"To ki bar manyan duwatsun nan masu hayaniya. Ki kai ta ƙaramin da ke da ruwan zafi. Can nake koyarwa. Sunana Bastián."

Can ɗin suka je. Kullum da yamma yakan kawo musu shayi da burodi mai zafi, ya zauna yana tsokanar Rayén har ta rufe fuska. Kurciyata yake ce mata.

Da suka koma gida, mahaifiyarta, Doña Eliana, ta tambaye ta.

"Idan ƙanƙara ta narke, me yake yi?"

"Turai yake tafiya, Mama. Can sanyi ke farawa idan namu ya ƙare. Duk masu koyarwa haka suke."

"Mai bin sanyi kenan. Ni ma mai tafiya na aura. Kin ga inda ya bar ni."

Nuwamba na kamawa ya tafi. Sanyi ya wuce, gari ya yi haske, amma Rayén sai ramewa take. Ana haka ta ga hotonsa, wata baturiya ta rungume shi a kan dutse.

Saƙonsa ya shigo: "Kurciyata, ɗalibata ce, murna take yi don ta sauko ba ta faɗi ba. Don Allah ki ɗaga waya."

Ta daɗe tana kuka kafin ta rubuta: "Na yarda da kai. Amma ba zan iya auren rabin shekara ba. Na ga yadda jira ya tsufar da Mama."

Shiru, babu amsa. Uwa da 'ya suka ci abincin Kirsimeti ba mai kallon wata.

Cikin zafin Janairu aka buga ƙofa. Bastián ne, gumi sharkaf, hannuwansa duk ƙaya da jan ruwan 'ya'yan itace.

"Inna, na ajiye aikin can. A gonar bayan gari nake tsinka yanzu. Tun ina yaro rabona da bazara, kashe ni take shirin yi."

Doña Eliana ta ƙare masa kallo. "Ina farin zagayen idon naka?"

"Rana ta cinye."

"Shigo, kafin ka narke min a ƙofa."

Rayén ta jingina da bango, hawaye na zuba.

A Yuli aka ɗaura auren, a ɗan cocin da ke gindin dutsen nan mai ruwan zafi. Doña Eliana ce ta zaɓi wurin. Ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka. Ka hau duk dutsen da kake so, ɗana, amma kullum ka sauko gida."