Matuƙin da Ya Ƙi Juya Kumbo

Kai, yaran nan, ku rufe mini baki! Kunnen ƙashi bai taɓa kai kowa ko'ina ba.

A can wani zamani an yi wani matuƙin kumbo mai girman kai, aka aike shi duniyar wata. Tsohon malaminsa ya ce, "Ɗana, in ka kusa, ka juya kumbon, wutsiya ta shige gaba, ka kunna wuta. Ita ce birkinka. Sai gudu ya ragu sannan wata zai riƙe ka, ka kewaye shi."

Matuƙin ya ce, "Ni? In isa gaban wata da baya-baya kamar mai tufkar igiya? Haba, Malam!"

Da ya kusa, Malam ya kira shi ta rediyo: "Juya!"

"Ba na juyawa."

"Don Allah juya!"

"Ba na juyawa. Sai wata ya ga fuskata."

Wata kuwa ya gan ta, sau ɗaya tak. Kumbo ya wuce fuu, ya zagayo ta bayan wata, ya dawo duniya ya faɗa teku tsundum.

Aka tsamo matuƙin, aka karɓe makulli, aka miƙa masa bokiti da tsumma. Har ya tsufa, wankin kumbon wasu yake yi.