Rabin Bangon Inna

Auta ta dawo daga ofis ta tarar da Inna tsaye a kan benci, hannu dumu-dumu da fenti, tana shafe bangon falo.

"Inna! Sauko kada ki faɗo!"

"Ƙyale ni. Ranar Asabar iyayen Injiniya za su zo, so kike su tarar da bango duk zanen yara?"

Auta ta kau da kai. Shekara guda ke nan saurayin nata yana sauke ta a get ɗin gidan Gwaggonta da ke tsakiyar birni, a zatonsa nan ne gidansu. Yana juya mota sai baiwar Allah ta kama bas biyu zuwa unguwarsu, can inda kwalta ta ƙare.

"Inna... a gidan Gwaggo za a karɓe su. Bai san nan ba."

Inna ta sauko a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi!

"To, Allah ya kai mu. Gwaggonki ba za ta hana ni wurin zama ba." Ta dubi rabin bangon. "Bari dai in ƙarasa, kada fentin ya bushe."

Kunya ta rufe Auta. A falon nan Inna ta kusa makancewa kan keken ɗinki don Auta ta yi jami'a, yau kuma ita ce za ta mayar da uwarta baƙuwa a gidan wasu. Ta kira Injiniya tana kuka, ta faɗa masa komai.

"Unguwar ba ta dame ni ba," in ji shi. "Amma shekara guda kina kallon idona kina yi mini ƙarya? Haba!" Ya kashe waya.

Asabar ta zo ta wuce shiru. Auta ta rame, Inna kuwa ba ta taɓa goranta mata ba, sai dai ta ce, "Ki yi haƙuri, ci abinci."

Bayan sati uku, da hantsi, aka yi sallama. Injiniya ne, wando duk taɓo, mahaifiyarsa a baya riƙe da takalmanta a hannu.

"Motar ta maƙale a kwanarku," in ji mahaifiyar tasa tana haki. "Ina uwar yarinyar da ta iya buɗe baki ta ce ƙarya ta yi? Ita na zo gani."

Mai jin kunyar gidan da ya raine shi, iyayensa yake ci wa mutunci. Auta ta gane haka. Ko kallon Injiniya ba ta yi ba, ta zube a gaban Inna ta riƙe ƙafafunta.

"Ki yafe mini, Inna."

"Tashi ki ba baƙi ruwa, ja'ira. Gidanku ne."