Ƙahon Baba Bulus

Sufeto Ishaku yana tsaye a barandar caji ofis yana gaigayar gasasshiyar masara, yana jiran ruwan safe ya tsagaita, aka kawo masa ƙara biyu a jere.

Ta farko wata dattijuwa ce daga unguwar Nasarawa, ta shigo da laima a hannu da fushi a fuska. Ta ce wani mara imani ya ɗaure saniya mara lafiya a gonar masarar da ke bayan gidansu, wajen rafi. Tun jiya, da gari ya fara wayewa sai ta kama kuka kamar ana yanka ta, har jikokinta sun daina zuwa ɗebo ruwa. Ta leƙa da kanta, ba ta ga saniya ba, ba ta ga kashinta ba. Ishaku ya ba ta haƙuri, ya sa Kofur Vivian ta ɗauki bayaninta, a ransa yana dariya.

Ta biyu ta waya ta zo. Madam Edith ce, mai kula da laburaren unguwa da ke gefen Narayi. Ta ce an yi musu sata.

"Kwamfuta?"

"Ina ma kwamfuta ce, Yallaɓai. Ƙaho ne."

Da suka isa, laburaren ya cika maƙil da yara, don lokacin dogon hutu ne. A wani lungu ana gasar haɗa kalmomi, a wani ana koyon kwamfuta, yara uku a kujera ɗaya. Ishaku yana son wurin. Duk hutu yakan ce laburaren nan ya rage masa aiki fiye da motar sintiri.

Madam Edith ta ja su ɗakin taro tana bayani. Asabar ce ranar rufe shirin hutu, an gayyaci iyaye da masu unguwa. Babban abin da za a nuna shi ne ƙahon gwanki na busa, na Baba Bulus, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya gada daga mahaifinsa. Ranar Talata da safe ya kawo shi, ya nuna wa yara, aka ɗora a tebur aka lulluɓe da farin zane, sai Asabar a buɗe. Yau ta ɗaga zanen za ta kakkaɓe ƙura, ta tarar da tsofaffin jaridu a naɗe, an lanƙwasa su kamar ƙaho.

Ita ce ta yi ta zarya gidan tsohon har ya yarda, ta yi masa alkawari da bakinta. Shugaban kwamitin laburare kuma ya riga ya faɗa mata, idan ƙahon bai fito ba babu taron Asabar, babu shirin hutu baɗi, ita ma ta nemi wani wurin.

Baba Bulus yana zaune a kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi damun Madam Edith.

Ishaku ya juya zanen. Cikinsa ya yi baƙi. Ya shafa da yatsa ya shinshina, ya ji ƙaurin hayaƙi da man kaɗanya.

"Baba, ba a wanke shi ne?"

Tsohon ya dube shi kamar ya zagi kakansa. Ya ce a gidansu ƙahon a saman murhu yake rataye tun kafin a haife shi, duk shekara a shafe shi da mai, hayaƙi ya bi ta kai, shi ya sa ƙwaro bai taɓa cinsa ba. Duk wanda ya riƙe shi sai ya nemi sabulu.

"To, ya taimake mu," in ji Ishaku.

A bakin ƙofa akwai kanta mai ramuka inda kowa ke ajiye jakarsa ya karɓi lamba. Dokar laburaren ke nan, ko fasto ne ya zo, jakarsa a nan za ta tsaya. Tagogi kuma duk suna da ƙarafa. Mai gadin ƙofar, Malam Sadiƙ, magidanci ne mai ƙaramin gemu, ya ce abu biyu kaɗai ke shiga su fita: kular Mama Peace mai kawo wa yara zoɓo, da akwatin yawo, wato akwatin ƙarfe da ake cika da littattafai a kai wa yaran Nasarawa da Unguwar Mu'azu a Keke Napep. Su ma sai ya buɗe ya duba.

"Ranar Talata ka duba su?"

Ya ce kular ya duba. Akwatin kuwa bai fita ba, don an yi ruwa, mai keken ya ce ba zai jiƙa littattafai ba. Shi dai bai ɗaga daga kujerarsa ba tun safe har aka tashi.

Ishaku ya gyaɗa kai, ya tsaya yana kallon fastar da aka manna a bango. Talata ranar fim ce.

"Wannan na zomo da damisar ne aka nuna? 'Yata ta ce a ƙarshe damisar ta cinye shi."

"Haba, Yallaɓai, ina! Ai zomon ne ya yaudare ta ta faɗa rijiya, yara har hawa benci suka yi don..."

Ya tsaya. Kofur Vivian ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe.

"Daga kujerarka ake hango allon?"

Malam Sadiƙ ya share gumi duk da sanyin ruwa. Ya ce leƙawa kawai ya yi, sai labarin ya riƙe shi har ƙarshe. Ya roƙi kada Madam ta ji. Ishaku ya ce wannan tsakaninsa da Madam ne, shi abin da ya samu ya ishe shi: ranar Talata ƙofa ta zauna ba mai tsaro tsawon fim guda.

Mama Peace suka samu a bayan gini tana ɗura zoɓo a robobi. Mace ce mai jiki da murya, shugabar zumuntar mata a cocinsu. Kafin a tambaye ta ta ce kularta wayam take fita kullum, kuma wanda ya ce ba haka ba ya zo ya faɗa a gabanta. Amma tana magana tana matsawa, har ta kai ga zama a kan murfin.

"Mama, a ɗan tashi," in ji Vivian.

Da ƙyar ta tashi. Cikin kular fes yake, fari tas, babu ko ɗigon baƙi. A ƙasa dai akwai ƙunshin baƙar leda. Vivian ta kwance, sai ga littattafan soyayya masu hatimin laburare, bangon na sama da hoton wani saurayi ya durƙusa da fure.

Mama Peace ta waiga hagu da dama, ta rage murya. Ta ce tana dawo da su, Allah ne shaidarta, ko shafi ba ta taɓa yagawa ba. Amma ta yaya shugabar zumunta za ta bi layi da 'yan mata ta ce a ba ta wannan? Shi ya sa take jiran ranar fim, in Malam Sadiƙ ya shige.

"Wato ranar Talata kina bakin ƙofa. Wa kika gani?"

"Ba kowa. Sai Benson yana ɗaure akwatinsa a bayan keke, ya rufe shi da leda saboda ruwa."

"Wane ne Benson?"

"Mai keken mana. Ɗan Baba Bulus."

Ishaku ya mayar mata da ledar ya ce ta je ta yi katin aro kamar kowa, ta sa Madam ta naɗe mata a jarida.

Akwatin yawo yana ƙarƙashin kantar jakunkuna. Vivian ta jawo shi ta buɗe. Ba sai an yi dogon bincike ba. Wani baƙin tabo mai lanƙwasa ya bi cikin murfin daga gefe zuwa gefe, littafin hotunan da ke sama kuma, mai giwa a bango, giwar ta koma baƙa ƙirin. Ƙaurin man kaɗanya ya bugi hancinsu.

Baba Bulus ya leƙo, ya girgiza kai. Ya ce a bar batun Benson. Yaron nan ba abin da ya sani sai waya da ƙwallon Turawa. Tun yana ƙarami in an sauko da ƙahon yake ficewa, wai yana ɓata masa riga. Ko kyauta aka ba shi ba zai ɗauka ba.

Suna cikin haka keke ya tsaya a waje. Benson ya shigo, dogo kamar ubansa, ya kai shekara talatin, takunkumi ya rufe masa hanci da baki. Ya gaida ubansa, ya gaida Madam, ya ga kakin Vivian ya ɗan ja da baya.

Ishaku ya tambaye shi batun ranar Talata. Ya ce bai fita da akwati ba, an yi ruwa. Da aka ce an gan shi yana ɗaure shi, ya ce to, ya tuna, ya ɗauka ya kai bakin titi, ruwa ya ƙaru ya dawo. Baƙin da ke ciki kuwa wataƙila hayaƙin salansar keken ne. Maganar tana fita da ƙyar, kamar mai tuwo a baki.

"Mura kake yi?"

"Zuma ce ta harbe ni, Oga."

"Sannu. Ina kake da zama?"

"Nasarawa."

"Ta wajen rafi? Akwai gonar masara a baya?"

Benson ya ce akwai. Vivian ta ɗago kai da sauri ta dubi maigidanta.

"Cire mu ga harbin."

Benson ya janye takunkumin. Leɓunansa sun kumbura sun yi sumtum, a tsakiyarsu ga wani shaci zagaye kamar an danna bakin kwalba, gefensa da sauran baƙi-baƙi da sabulu bai fitar ba.

"Zumar Nasarawa da man kaɗanya take harbi?" Ishaku ya jingina da kanta. "Ɗazu wata uwa ta kawo mini ƙarar saniya mai kuka da asuba a gonar nan. Saniyar da ba ta kashi, ba ta cin masara. Benson, ina ƙahon?"

Benson ya dubi ƙasa ya ce yana ƙarƙashin kujerar baya ta keke, a cikin rigar ruwa.

Vivian ta fita ta dawo da ƙahon a rungume, hannayenta sun yi baƙi. Madam Edith ta zauna daɓas a kan akwatin, ta rufe fuska tana cewa na gode Yesu.

Benson bai jira tambaya ba. Ya ce ranar Talata ya shigo ɗaukar akwati ya ji ubansa yana faɗa wa Madam cewa bayan Asabar ƙahon ya zauna a laburare ke nan, a sa shi a gilashi, tunda ba shi da ɗan da zai busa. Maganar ta tsaya masa a rai. Da aka kashe fitila aka fara fim, ya naɗe jaridu ya musanya. Niyyarsa ya koya a ɓoye, ranar Asabar ya tashi a gaban jama'a ya busa, sannan ya ga wanda zai sa shi a gilashi. Bai san abin zai taɓa aikin Madam ba. Kuma ƙahon ya ƙi shi, duk ƙarfin da ya sa, kukan saniya yake yi.

Baba Bulus ya karɓi ƙahon ya juya shi, ya duba baki, ya duba gindi. Bai kalli ɗansa ba.

Ishaku ya ce dalili daban, sata daban. An ɗauki kaya daga ginin jama'a, an sa mace ta kusa rasa aikinta, an yi wa hukuma ƙarya. Benson zai bi su ofis ya ba da bayani, sauran kuma ya rage ga mai kaya da Madam. Madam Edith ta ce ita dai taronta take so. Tsohon ya ce a tafi da shi, zaman benci zai yi masa amfani.

Vivian ta kama hannun Benson suka nufi mota. Malam Sadiƙ ya miƙe tsaye ƙiƙam a bakin ƙofa kamar bai taɓa barinta ba. Mama Peace kuwa tuni ta bi layin masu yin kati.

Har an buɗe ƙofar mota, tsohon ya fito baranda.

"Benson."

"Baba."

"Ka zuba masa ruwa a ciki kafin ka busa?"

"Ruwa?"

"A bushe ka yi ta fama da shi?" Baba Bulus ya miƙa ƙahon ƙarƙashin indararo, ruwan sama ya bi ta cikinsa ya zube. Ya kafa shi a gefen baki, bai ko kumbura kumatu ba. Wata murya mai kauri ta fito, ta ratsa unguwar a hankali, yara suka yo waje da littattafai a hannu.

Ya sauke, ya goge baki.

"Sufeto, in kun gama da shi ku turo mini shi gida kafin yamma. Leɓen nan sai an gasa shi da ruwan zafi, ga Asabar ta matso."

Benson ya shiga mota yana murmushi da kumburarren baki. Ishaku ya zauna gaba, ya laluba aljihu ya ciro ragowar masararsa.

"Kofur, in mun isa ki kira dattijuwar nan ta Nasarawa. Ki ce mata mun kama saniyar."