Dattijon Da Ya Ƙi Ba Da Shaida

Ranar da Ummussalma ta fara ganin Misbahu, tana zaune ne a gindin tsamiyar makarantarsu da littafin rijista a gabanta. Ya tsayar da babur, wata siririyar yarinya ta sauko daga baya tana gyara hijabi. Ya yi sallama, ya ce daga wajen Baturiya suke, ƙanwarsa Najwa ya kawo ajin farko na babbar sakandare.

"Ina ajin nasu?" ya tambaya.

Ummussalma ta nuna masa wani gini da ya kai linta, ba rufi ba ƙofa, ga akuyar maƙwabta kwance a ciki tana tuƙa.

Ya dubi ginin, ya dubi akuyar, sannan ya dube ta. "Malama, wannan ɗalibar ta riga mu yin rijista ke nan?"

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. "Kafin a dawo daga hutu za a rufa shi. Mu a nan ba ma saɓa alkawari."

"To rubuta ta. Na yarda da ke." Ya yi gyaran murya. "Da makarantar nake nufi."

Ta sunkuyar da kai tana rubutu, sai da ta rubuta sunan Najwa sau biyu.

Ba cika baki Ummussalma ta yi ba. Shekara goma sha shida da suka wuce mahaifinta Malam Haladu ya buɗe makarantar nan a zauren gidansa a Haɗeja, da yara bakwai da allo guda. An yi masa dariya har an gaji. Daga zaure aka koma rumfa, daga rumfa aka yi aji biyu na laka, yau ga shi ana maganar babbar sakandare. Ummussalma na cikin yara bakwai ɗin farko, da ta gama kwalejin ilimi kuma ta dawo tana koyar da lissafi.

Sai dai ita ce 'yar fari, kuma Malam mutum ne na da. Tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa. A gida "yarinyar nan" ce, a makaranta "malamar lissafi". In aka yabe ta a gabansa, sai ya shiga duban takalminsa kamar ranar ya saye shi. Ta saba, amma wani lokaci abin yakan ɗan sosa mata rai.

Najwa na zama wurin goggonta a cikin gari, duk Juma'a Misbahu ke zuwa ɗaukarta. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ga aiki a gabansa, amma ban san dalili ba kullum sai ya iso awa guda kafin a tashi. Ba a rufa wata uku ba saƙonni suka fara yawo.

"Malamata, yau na yi wa shanu tamanin allura, amma lissafin ya ruɗe min. Ina buƙatar darasi."

"Likitan awaki, wanda ya ƙirga tamanin ai ya iya lissafi. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Kewarki ce, Salma. Ita ce ta ƙi ƙirguwa."

Ta karanta wannan ya fi sau goma, ta kifa wayar a ƙirji tana murmushi ita kaɗai.

Makaranta ma ta ci moriyar wannan soyayya. Da aka ce sai da garken koyon kiwo za a amince ɗalibai su zana jarrabawar ƙarshe a harabarsu, Misbahu ne ya kafa shi da hannunsa, ya kawo tumaki biyu da zabi. Shekarar da kogi ya cika ya doshi unguwar, yini uku ya yi cikin taɓo tare da samari suna jera buhunan yashi a bayan katangar makaranta. Ruwa ya ci gonakin shinkafa, ya rushe gidaje, amma ko littafi ɗaya bai jiƙe ba.

Da Najwa ta kusa gama ajin ƙarshe, Misbahu ya turo baffansa neman izini. Malam ya karɓe shi da mutunci, ya ce za a yi bincike kamar yadda aka saba. Ya tura ƙanensa Baba Yunusa, dillalin busasshen kifi, mutumin da ko gaisuwa a tsaye yake yin ta saboda sauri.

Bayan kwana biyu Baba Yunusa ya kira ta zaure.

"'Yata, ki cire yaron nan daga ranki. Yaya ya ce ba zai bayar ba."

"Me ya yi, Baba?"

"Ni na je da ƙafata. Na tarar da wani dattijo mai malfa a gindin bishiya yana tufka igiya. Na ce ya san Misbahu? Ya sunkuyar da kai, ya ce akwai wani yaro haka. Na ce yaya halinsa? Ya ce shi ba shi da abin cewa, in tambayi wasu. Na sake tambaya, wallahi mutumin nan ya tashi ya bar min igiyarsa ya shige cikin shanu. Hadari ya taso, na juyo. Yaron da dattijon garinsu ya kasa cewa na gari ne, ai akwai abin da ake ɓoyewa."

Ba ta da bakin tunkarar Malam da irin wannan magana. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, sannan ta rubuta wa Misbahu duk abin da aka ce, ta ƙara da cewa: "In akwai abin da ka ɓoye min, ka faɗa min da bakinka."

Sai washegari amsa ta zo. "Na tambayi baffannina da dattawan garinmu, kowa ya ce bai ga baƙo ba. Salma, shekara uku kina ganina. Maganar baƙo ɗaya ta isa ki yi min wannan tambayar?"

Ta san ta ɓata masa rai, kunya kuma ta hana ta ba da haƙuri. Sati uku ba wanda ya nemi wani. Ranar Juma'a yakan tsaya a bakin titi, Najwa ta fita ta same shi.

A wannan tsakanin ne Zainulabideen, ɗan wani mai injin casar shinkafa, ya ƙara ƙaimi. Ba laifi gare shi, sai dai duk zuwansa zancensa ɗaya ne, yadda za a mai da makarantar bene uku. Bai taɓa tambayar sunan ɗalibi ko ɗaya ba. Malam ya aiko Baba Yunusa ya ce ba zai yi mata dole ba, amma manyan Zainulabideen za su zo bayan bikin yaye ɗalibai, ta shirya amsarta. Maganar Misbahu kuwa an rufe ta.

Ranar biki ta zo da sanyin damina. An kafa rumfuna har bakin tsamiya, kujeru suka ƙare aka shimfiɗa tabarmi. Ɗalibai talatin da ɗaya, rukunin farko da suka gama babbar sakandare a makarantar Malam Haladu, suka shigo a jere cikin shuɗayen riguna. Iyaye mata suka ɗauki guɗa. Cikin masu tafi har da waɗanda suka yi wa zaure dariya a da, yau jikokinsu ne a layi.

Ummussalma na tsaye bayan kujerar Malam tana miƙa takardun shaida. Ta dubi yaran da ta raina da hannunta, alfahari ya cika ta har ya so ya danne damuwarta. Can ƙarshen rumfa ta hango Misbahu cikin farar shadda. Bai dubo ta ba.

Mai gabatarwa ya ce, "Ɗalibar da ta zo ta ɗaya a lissafi, da kimiyya, da darasin kiwo, Najwa Shu'ibu."

Wani dattijo mai malfa ya miƙe tsaye daga cikin iyaye, ya ɗaga sandarsa sama. "Autata ce wannan. Ni na haife ta," ya ce da ƙarfi, bakinsa har kunne. Jama'a suka yi dariya suna tafa masa.

Baba Yunusa ya zabura ya matso kunnen Malam, Ummussalma na ji. "Yaya, shi ne. Shi ne dattijon nan mai igiya. Ashe ubansa ne. Ka gani? Uban da ya haife shi ma ya ƙi shaidarsa."

Malam ya zuba wa dattijon ido.

Mai gabatarwa ya ci gaba. Ya ce malamai sun ware takardar godiya ga wani bawan Allah da ya kafa garke, ya kuma tare wa makaranta ruwa. "Malam Misbahu Shu'ibu."

Wuri ya ɗauki tafi. Dattijon da yanzun nan yake ɗaga sanda ya koma ya zauna, ya ja malfarsa ta rufe ido, ya shiga duban takalminsa. Bai tafa ba, bai ɗago ba.

Ummussalma ta ƙura masa ido. Ta san wannan zaman. Tun tana yarinya take ganinsa a gidansu.

Kafin ta gama tunani aka ce ɗalibai sun zaɓi malamar da ta fi tsaya musu, aka kira sunanta. Ta fito tana karɓar kyauta, ta saci kallon mahaifinta. Kansa na ƙasa, shi ma takalminsa yake dubawa. Da tafi ya lafa, dattawan biyu suka ɗago kusan lokaci guda, idonsu ya haɗu.

Malam ya yafito Najwa. "'Yata, Misbahu na nawa ne a gidanku?"

"Hamma shi ne na fari, Malam. Mahaifinmu ko sunansa ba ya faɗa."

Malam ya juya ga ƙanensa. "Yunusa, da wani baƙo zai same ni a zaure ya tambaye ni halin yarinyar nan, me kake tsammani zan yi?"

Baba Yunusa ya cire hula ya sosa ƙeya. "Tashi za ka yi ka bar masa zauren."

"To ka tambayi sunan wanda ka samu kafin ka tambaye shi?"

"Hadari ne ya taso, Yaya."

Malam ya miƙe ya karɓi abin magana. Ya gode wa Allah, ya gode wa iyaye, ya ambaci zaure da yara bakwai. Sannan ya ce, "Akwai wata shaida da aka je nema har Baturiya ba a samo ba, domin an tambayi mutum ɗaya da ba zai iya bayarwa ba. Ni da nake da ita a hannu, ban ba kaina ba. Ni Haladu na shaida Misbahu yaron kirki ne. Shekara uku ina ganinsa, ban ga abin ƙi ba. Malam Shu'ibu, Allah ya yi maka albarka da wannan tarbiyya."

Dattijon ya gyara zaman malfarsa. Can ya miƙe, aka kai masa abin magana, ya riƙe shi kamar mai riƙe da ƙwai.

"Ni dai ba ni da abin cewa a kan wancan yaron," ya ce, jama'a suka fashe da dariya. "Amma malamar nan, Ummussalma, ina da abin cewa. Auta ta ce min ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita gab da jarrabawa, malamar nan ce ta riƙa bin ta har gidan goggonta da littafi. Wanda ya haifi wannan ya haifi 'ya. In ana ba mu, muna so."

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Ummussalma ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba, wayarta ta yi motsi a hannunta.

"Malamata, an yi min shaida a lasifika. Saura taki."

Ta rubuta masa: "Ka yafe min, Hammana. Tawa tun ranar akuya na bayar."

Aka ba manyan Zainulabideen haƙuri cikin mutunci. Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure a ƙofar zauren nan da makaranta ta fara, aka yi walima a harabar makaranta. Ɗalibai talatin da ɗayan nan su ne suka yi hidima, Najwa na gaba tana ba da umarni kamar ita ce uwar biki. Baba Yunusa kuwa duk baƙon da ya gaisa da shi sai ya fara tambayarsa sunansa da na ɗansa na fari.

Da yamma aka kai amarya ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa a gabansa. Malam ya yi nasiha gajera, ya ce su riƙe juna amana. Sannan ya jawo wani tsohon littafi mai yagaggen bango ya ɗora mata a cinya.

Rijistar farko ce ta makaranta. Ta buɗe shafin farko. A layin farko, lamba ta ɗaya, da rubutun hannunsa da tawadar da ta koɗe, ga shi nan: Ummussalma Haladu.

"Da wannan sunan na buɗe ta," in ji Malam, idonsa a kan takalminsa. "Allah ya yi miki albarka, yarinyar nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Ta rungume littafin a ƙirji ta ce amin, duk ɗakin suka amsa.