Mai Guduma a Cikin Hoto

"Ɗaga shi sama, 'yar nan, idona ba na da ba ne."

Na ɗaga hoton kusa da fuskarta, hannuna cikin farar safa. Ni na roƙi masoyina ya kawo kakarsa ɗakin adana tsofaffin hotuna inda nake aiki, ranar da muke gayyatar tsofaffi su gaya mana su wane ne a ciki. Gindin zama nake nema, saura wata biyu bikinmu.

Hoton ranar da aka rushe tsohuwar unguwa ne don a shimfiɗa layin dogo. A gaba ga wani dogon mutum da guduma a kafaɗa, yana murmushi. Shi ake alfahari da shi a gidanmu tun ina ƙarama.

Bakina ya riga hankalina.

"Kaka, kin ga wannan? Kakana ne!"

Ta ƙara matso da fuskarta kusa da hoton.

"Na san shi," ta ce. "Na riƙe ƙafarsa na ce jaririna yana barci a ɗaki... Ya ce duk haka muke cewa."

Ta ɗora yatsa kan wani bango da ya karkace a gefen hoton.

"Nan ne ɗakina. Wannan bangon ya danne min ɗana, watansa biyar a duniya. Ki rubuta. Ba aikinki ke nan ba?"

Na juya hoton na rubuta a baya, kalma bayan kalma, da fensir kamar yadda dokar aikin ta ce, don tawada tana cin takarda. Hawayena nake karewa da gwiwar hannu kada su ɗiga.

Ta kama hannun jikanta.

"Ba zan goya jinin mai gudumar nan ba. Kai ni gida."

Bayan kwana huɗu masoyina ya dawo, ya rame kamar wanda ya tashi daga ciwo.

"Hasken idona, fensir ne fa! Goge rubutun... Sai mu ce tsufa ne, ta ruɗe."

"Ta ruɗe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara sittin tana ba da labarin nan, ba wanda ya yarda. Jiya ta ce min yanzu an rubuta, ko ta mutu ta huta."

Wallahi na ɗauki magogin fensir. Ina son sa, son da ban san inda zan kai shi ba. Na kai magogin daf da takardar.

"In na goge, za ka iya kallonta?"

Ya kawar da idonsa.

"Ni fa, za ka iya kallona?"

Ya daɗe a tsaye, sannan ya fita, ya ja min ƙofa a hankali.

Na mayar da hoton cikin kwalinsa. A katin bayanin hoton, inda na taɓa rubuta "shugaban leburori" da girman kai, na ƙara layi ɗaya: jariri, wata biyar, ba ya cikin hoton.