Intabiyu a Zaure

A shagon sola na Zulkifli, kusa da tashar Birnin Kudu, ta nemi aron kujera da wuta. Sunanta Ummussalma. Daga Gwaram ta zo, don sabis ɗin unguwarsu ba ya riƙe kiran bidiyo. Rubuta manhaja ta karanta, kuma tun da ta gama take neman aiki.

Zulkifli na gyaran batir yana jin komai. Mai yi mata intabiyu ta kwamfutarta ya ba ta matsala ta warware. Ta sunkuyar da kai tana rubutu. Ya ce ta riƙa faɗin abin da take tunani. Ta ci gaba da rubutunta. Ya maimaita. Can ya yi godiya, ya kashe.

"Ba ki san amsar ba ne?" in ji Zulkifli.

"Na sani. Ga ta nan, na gama."

"To me ya hana ki magana?"

"A gidanmu ba a yi wa babba dogon bayani."

Ba yau ta fara faɗuwa a kan haka ba.

Ranar da Zulkifli ya fara zuwa zance gidansu, da kwamfuta ta fito zaure.

"Ni fa hira na zo," ya ce.

"Ita za mu yi. Yi min tambaya."

"Ban san komai a harkar nan ba."

"Shi ya sa. In ka gane, su ma za su gane."

Tambaya ɗaya ya iya: me ya sa? Duk layin da ta rubuta sai ya jefo ta. Da farko a taƙaice take amsawa. Da damina ta yi nisa, ta fara katse shi.

Ya turo saƙo: "Gimbiyar shiru, yau kin yi bayani har na manta ban gane ba."

Ta mayar: "Malam Me-ya-sa, ka dai isa gida lafiya?"

Duk intabiyun da take samu ta hannun Abdulsamad yake bi, dillalin aiki ne a Kano, shi ke kai sunayen masu nema ga kamfanoni. Ɗan tsohon abokin kasuwancin mahaifinta ne. Wata Asabar ya zo Gwaram ya gaida mahaifin nata, Alhaji Iliyasu, ya ce aikin ya kusa, kuma yana son aurenta.

Idon Alhaji ya yi rauni, ya daina fita kasuwa. Ita ce babba a 'ya'yansa. Gidan gaba ɗaya aikin nan yake jira. Alhaji ya aika wa Zulkifli ya dakata da zuwa.

Bayan haka Zulkifli ya hango ta a motar Abdulsamad, sun nufi Kano. Ya rubuta: "Na ga motar. Allah ya sa alheri."

Ta amsa: "Intabiyu za ni, Inna na zaune a baya. Yau ne kawai ba ka tambaye ni me ya sa ba."

A Kano ta yi magana. Ta yi kuskure, ta faɗa da bakinta, ta gyara a gabansu. Suka ce ta wuce, saura ganawa da shugaban sashe.

A hanyar dawowa Abdulsamad ya rage murya don kada Inna ta ji.

"Sunanki na hannuna, Ummu. Ki ba ni amsar maganarmu, in tura."

"Amsar a'a ce."

Ya ƙara wa rediyo sauti.

Ranar Litinin kamfanin ya rubuto yana baƙin cikin jin ta janye. Ta rubuta cewa ba ta janye ba. Ba su amsa ba. Sauran kamfanonin da Abdulsamad yake kai ta su ma suka yi tsit.

Ta tarar da mahaifinta a kan tabarma. Ta durƙusa.

"Baba, zan yi magana, kuma za ta yi tsawo."

Bai hana ta ba. Ta fara daga farko, daki-daki: abin da aka ce mata a mota, abin da ta amsa, abin da gidan ya rasa saboda amsarta. Ba ta ɓoye na ƙarshen ba. Ta ce mutumin da ya riƙe sunanta yau, gobe ita zai riƙe.

Alhaji ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Wa ya koya miki magana haka?"

"Wanda ka ce ya dakata."

"Aikin fa?"

"Babu, Baba. Wataƙila har bana ta ƙare."

Ya shafa idonsa. "Ki ce ya turo manyansa."

Bayan girbi aka ɗaura aure, ba taro mai yawa. Alhaji ya lalubo kanta ya dafa. "Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya buɗe miki ƙofar da ba ta hannun kowa."

Aka amsa da amin.

Mako na zagayowa ta zauna a kujerar nan ta shagon. Wannan karon da kanta ta nemi intabiyun. Zulkifli ya ajiye kayan aikinsa, ya ja ƙofa. Mutumin da ke kwamfutar ya karanto matsalar.

Ta ɗaga kai. "Bari in fara da inda ban gane ba."